Wa Ke Kiɗa a Wannan Waƙa?

Fim ɗin O Brother, Where Art Thou?, wanda ya fito a Amurka a shekarar 2000, da fursunoni baƙar fata yake buɗewa, sanye da kaya masu zane, suna fasa dutse a bakin hanya suna waƙa. Daga baya na samu faifan waƙoƙin fim ɗin a wurin wani abokina, na saurari waƙar farko ba tare da hoto ba. Sunanta "Po' Lazarus". Wani abu mai nauyi ya faɗi, dim. Shiru kaɗan. Ya sake faɗuwa. Murya guda ta namiji tana jan baiti, wasu muryoyi suna tarbarta a tsakiya. Na mayar da ita baya har sau uku, sai da abokin nawa ya ce, "Malam, kai dai ka cika bin diddigi, ganga ce mana."

Ba ganga ba ce. Duk wanda ya tashi a gidan da ake daka ya san ganga ba ta nishi kafin ta faɗi, wannan kuwa kowane bugu da nishin mutum a gabansa. Ba kuma guduma a kan dutse ba ce, don ƙarfe idan ya sami dutse ƙara yake yi siririya. Wannan sautin nutsewa yake yi, kamar abin da ya shiga jikin ice ya tsaya.

Wannan kullin bai yi wuyar kwancewa ba. Ba 'yan wasa ne suka rera waƙar ba. Wani mai tattara waƙoƙin gargajiya, Alan Lomax, shi ya naɗe ta a shekarar 1959 a gidan yarin jihar Misisipi da ake kira Parchman. Mai ba da waƙar fursuna ne, James Carter, 'yan amshinsa abokan ɗaurinsa ne, kiɗan kuma gatura ne suna faskare. Babu makaɗi ko ɗaya a wurin. Waƙar labarin wani mutum ce da hukuma ta sa aka farauto aka harbe.

Da na shiga karatu a kan irin waɗannan waƙoƙi sai na yi ta cin karo da magana guda: wai su ne saiwar buluz, kiɗan baƙar fatar kudancin Amurka wanda ya yi jika da tattaɓa-kunne a kusan duk kiɗan zamani na Turai da Amurka. Na karɓi maganar yadda ta zo, har ranar da na jera shekaru a takarda. W. C. Handy ya buga "The Memphis Blues" a 1912. Mamie Smith ta yi faifan "Crazy Blues" a 1920, ya sayu kamar me. Blind Lemon Jefferson ya yi suna a 1926, Charley Patton ya fara faifai a 1929. Alan Lomax da mahaifinsa kuwa sai a 1933 suka fara shiga gidajen yari da na'ura. James Carter kansa a 1925 aka haife shi, buluz na cikin kasuwa tuni. To ta yaya jika zai haifi kakansa? In waƙar 1959 ce saiwa, bishiyar ta girme ta da kusan shekara hamsin.

Na fara da tambayar da ta fi kusa: me ya kai masu neman waƙa kurkuku tun farko? John Lomax, mahaifin Alan, mutumin Teksas ne, yana yi wa Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka aikin tara waƙoƙi. A 1933 ya ɗauki ɗansa mai shekara 18, suka girka na'urar yankan faifai a bayan motarsu ƙirar Ford, na'urar da nauyinta ya haura kilo 140, tana rubuta sauti a kan faifan alminiyam. Tunaninsa shi ne rediyo da garmaho sun riga sun gurɓata waƙar baƙar fata a gari, don haka sai ya nemi inda aka killace mutane shekara da shekaru ba su jin komai daga waje. Akwai abin ƙyama a wannan lissafi, a ganina: mutum ya dubi ɗaurin wani ya ga rumbun ajiya. Amma lissafin nasa ya nuna mini inda zan duba. Abin da ya kamata in tambaya ba shekarar da aka naɗi waƙar ba ce. Abin tambaya shi ne shekarun aikin da ake yin waƙar dominsa.

Mai jin kalmar gidan yari zai hango katanga da ƙofar ƙarfe. Parchman gandu ne. An kafa shi a farkon shekarun 1900 a gundumar Sunflower, cikin ƙasar nan mai baƙin laka da ake kira Delta, fili mai faɗin eka wajen dubu ashirin, an rarraba shi sansani-sansani, ana noma auduga ana sayarwa, riba tana shiga baitulmalin jiha. Mafi yawan fursunonin baƙar fata ne. A wancan zamani ana fita gona da asuba, a dawo da duhu. Masu tsaro da bindiga a bakin kunya su ma fursunoni ne da hukuma ta amince da su ta ba su makami. Akwai wata faffaɗar bulalar fata da suka laƙaba wa suna Black Annie. A Luwiziyana, gidan yarin Angola tsohuwar gonar bayi ce, sunan ma na gonar ne. A Teksas gonakin rake da auduga ne a bakin kogin Brazos.

Yadda aka yi haka kuwa yana cikin jimla guda ta tsarin mulkin ƙasar. Gyara na 13 da aka yi a 1865 ya haramta bauta da aikin tilas, sai dai ya bar ƙofa: ban da wanda aka yanke wa hukunci kan laifi. Jihohin kudu ba su yi nauyin ƙafa ba wajen bi ta wannan ƙofa. Aka yi dokokin kama marar aikin yi. A 1876 Misisipi ta yi dokar da mutane suka riƙa kira dokar alade, wadda ta sa satar alade ko saniya ta iya jawo wa mutum ɗaurin shekara biyar. Wanda aka ɗaure sai jiha ta ba da hayarsa ga masu gona da masu shimfiɗa layin dogo da masu haƙar kwal. Mai bawa yana tsoron bawansa ya mutu don dukiyarsa ce; mai hayar fursuna in ɗaya ya mutu sai ya aika a kawo wani. Da abin ya yi muni har aka fara jin kunyarsa, sai jihohi suka daina ba da haya suka buɗe gandayen kansu. Alabama ce ta ƙarshe, sai 1928.

A nan ne na fara ganin bakin zaren. A waje, bayan 'yanci, tsohon tsarin kora bayi gona garke guda ya watse. Aka yayyanka manyan gonaki, kowane magidanci ya karɓi 'yar gona a hannun mai ƙasa, shi da iyalinsa da alfadari, in kaka ta yi a raba amfani, shi kuma kullum ya tashi da bashi. Mutum ɗaya a bayan garma ba ya bukatar 'yan amshi. Waƙar taro ta rasa aikinta, sai a 'yan wurare: masu gyaran layin dogo, masu lodin jiragen ruwa, masu tada ganuwar ƙasa a bakin kogi don tare ambaliya. A gandun yari kuwa babu abin da ya canza. Mutum ashirin ko talatin a jere da fartanya, wani a kan doki yana kallonsu. Aikin na zamanin bauta ne, saboda haka waƙarsa ta ci gaba da rayuwa.

Wannan hasashe ne mai daɗi, amma yana bukatar shaida daga lokacin da babu na'ura. Shaidun suna nan a rubuce. Fanny Kemble, 'yar wasan kwaikwayo daga Ingila da ta auri mai bayi, ta zauna a gonar mijinta a Jojiya a 1838 zuwa 1839, ta rubuta yadda bayi masu tuƙa kwalekwale ke waƙa, ɗaya na bayarwa saura na amsawa, filafilai na faɗawa ruwa daidai da waƙar. Frederick Douglass, wanda shi kansa ya gudo daga bauta, ya faɗa a littafinsa na 1845 cewa masu ɗaukar waƙar bayi a matsayin alamar jin daɗi sun yi babban kuskure. Frederick Law Olmsted, da ya ratsa Karolina ta Kudu a 1853, ya ji wani lebura a tashar jirgin ƙasa cikin dare ya saki wata doguwar murya mai hawa da sauka, wani ya karɓa, wani ya karɓa. A 1867 aka buga kundin Slave Songs of the United States. Can baya kuma, a 1740, bayan tawayen bayi na Stono, Karolina ta Kudu ta yi dokar hana bayi riƙe ganga. Mutanen da aka raba da ganga sai suka yi kiɗa da abin da aka damƙa musu a hannu.

Shaidar da ta fi burge ni ta wani ne da bai je neman waƙa ba ma. Charles Peabody, masanin tono daga Harvard, ya je gundumar Coahoma a Misisipi a 1901 da 1902 don tona wani tudun mutanen da. Ya ɗauki leburori baƙar fata. Waƙarsu ta ɗauke masa hankali har ya rubuta maƙala a kanta a 1903. Ya ji suna waƙa suna haƙa, ya kuma ji su da yamma da jita suna rera 'yan gajerun baitoci na ƙorafin rayuwa. Mutane ɗaya, baki ɗaya, rana da dare, shekara goma kafin Handy ya buga tasa.

Kafin in ƙarasa, sai da na fahimci me waƙar take yi wa mai ita, don ba ado ba ce. Bruce Jackson, wanda ya yi ta shiga gidajen yarin Teksas a tsakiyar shekarun 1960 ya kuma fitar da littafin Wake Up Dead Man a 1972, ya bayyana abin dalla-dalla daga bakin fursunonin. Ɗauki saran bishiya a tsaye. Mutum huɗu ko fiye sun kewaye gindi ɗaya, kowa da gatari, kafaɗa kusa da kafaɗa. In wani ya ɗaga lokacin da na kusa da shi yake saukewa, wani zai rasa hannu ko kai. Mai ba da waƙa shi ke riƙe da ran kowa. Ya ja rabin baiti, gatura na sama. Ya kai gaɓa, su sauka tare. A cikin shirun da ya biyo baya a zare bakin gatari daga ice, a ja numfashi, a amsa. Na tuna gidan kakata ranar dakan biki, mata uku a kan turmi ɗaya suna lugude, taɓarya na bin taɓarya ba su taɓa karo ba, ɗaya har ta cilla tata sama ta tafa ta cafe. Sai dai su in sun gaji sukan zauna su sha ruwa.

Akwai aiki na biyu da waƙar ke yi, wanda ya fi na farko ban tausayi. A layin fartanya, wanda ya faɗo baya shi idon mai doki ke gani, shi kuma bulala ke samu. In kowa na sara a kan bugu ɗaya, babu na baya. Gwanin mai ba da waƙa ba lallai ne ya fi kowa zaƙin murya ba. Shi ne wanda ya san ƙarfin rarraunan cikinsu, ya saita tafiyar yadda tsoho da marar lafiya za su iya bi, mai tsaro kuma ya ga aiki na tafiya. A cikin baiti kuma ana faɗin abin da in an faɗe shi da baki kawai sai an kwana a ɗaure: zafin rana, muguntar shugaban sansani, tsawon shekarun da alƙali ya yanka, matar da ta daina zuwa ziyara. Habaici ne, irin wanda mai daka take yi wa kishiya tana kallon turmi.

Duk da haka kullin bai gama kwancewa ba, kuma a nan na fi daɗewa. Buluz na farko ba waƙar taro ba ce. Mutum ɗaya ne da jita a kan cinya, yana cewa ni, ni, ni. Ba gatari, ba 'yan amshi. In an ce waƙar gatari ta haife shi, ina kamannin?

Amsar tana cikin gonar auduga. Jackson ya lura cewa ba kowane aiki ke da waƙar taro ba. Sara da noma da fartanya suna da bugu. Cirar auduga ba ta da shi: kowa na jan buhunsa a kunyarsa, hannunsa na tafiya da saurin kansa. A irin wannan aiki, da bayan alfadari, waƙar mutum ɗaya ake yi, doguwar murya marar kiɗa, ta fara can sama kamar kira, ta gangaro tana lanƙwasa, ta mutu a ƙasa cikin gunaguni. Irin abin da Olmsted ya ji ke nan. A 1947 Alan Lomax ya koma Parchman da sabuwar na'ura mai tef, ya naɗi wani fursuna da ake wa laƙabi da Bama yana rera "Levee Camp Holler". Ka saurare ta, sa'an nan ka saurari mawaƙin buluz Son House. Ka cire jitar a zuciyarka. Muryar ɗaya ce.

Jitar fa? Ita ce ta gaji 'yan amshi. A buluz mawaƙi yakan rera layi ya tsaya a tsakiyar lokacin da aka ware masa, ya bar gurbi. A cikin wannan gurbi igiyoyin jita suke magana, sau da yawa da wuyan kwalba ko wuƙa ana goga musu don su yi kuka irin na mutum. Ya maimaita layin, su sake amsawa, sa'an nan ya kawo layi na uku ya rufe. Babban yatsa kuwa yana can kan igiyoyin ƙasa yana faɗuwa a kai a kai, dim, dim. Manomin da tsarin raba amfani ya ware shi kaɗai ya zuba taron duka cikin akwatin katako mai igiya shida: shi ne mai bayarwa, 'yan yatsunsa ne amshi, babban yatsansa ne gatari.

Wannan doguwar murya mai lanƙwasa ta sa wasu masana suka waiwayo wajenmu. Paul Oliver a 1970 ya ce a daina neman asalin buluz a gangunan bakin teku, a dubi ƙasashen sarari na Afirka ta Yamma inda kayan kiɗa masu igiya suka fi yawa. Gerhard Kubik, a littafinsa Africa and the Blues na 1999, ya bi wannan hanya, har ya kwatanta buluz na Delta da kiɗan wani Bahaushe mai goge da waƙar niƙa ta wata mata, waɗanda ya naɗa a Kamaru a shekarun 1960. Sylviane Diouf kuma takan kunna wa mutane kiran salla sa'an nan ta kunna musu waƙar Bama, don su ji da kunnensu. Na saurara, kuma tsigar jikina ta tashi. Amma kama da wane ba ta wane. Tsakanin jirgin bayi na ƙarshe da faifan farko akwai shekaru da yawa, da coci, da waƙoƙin Turawan ƙauye, da jita wadda ba kayanmu ba ce. Ina karɓar dangantakar a matsayin ta jini mai nisa, ba zan yi rantsuwa a kan sunan kakan ba.

Abu na ƙarshe da ya rushe mini maganar saiwa shi ne ƙofar kurkukun kanta, wadda John Lomax ya ɗauka a rufe take. Shiga ake yi ana fita. Son House ya yi zaman Parchman a ƙarshen shekarun 1920 bayan ya harbe wani, ya fito ya yi faifai a 1930. Bukka White ya riga ya yi faifan buluz kafin a kai shi can. John Lomax ya same shi a ciki ya naɗe shi a 1939, da ya fito kuma ya je Shikago a 1940 ya yi "Parchman Farm Blues". Huddie Ledbetter, wanda duniya ta sani da Lead Belly, ya yi yawo da Blind Lemon Jefferson tun kafin ɗaurinsa na Teksas, kuma da jitarsa mai igiya goma sha biyu su Lomax suka tarar da shi a Angola a 1933. Baitoci na fita da wanda aka saka, sababbi na shigowa da wanda aka kawo. Saboda haka abin da ke cikin faifan 1959 ba uban buluz ba ne. Baffansa ne, wanda aka hana barin tsohon gida. Uban, wato waƙar aiki da kiran gona na ƙarni na 19, ya mutu ba a ɗauki muryarsa ba, kuma wanda ke son jin yadda yake magana sai ya je wurin ƙanensa.

Shi ma baffan bai daɗe ba. A 1944 aka girbe auduga da inji tun daga shuka har cira a gonar Hopson kusa da Clarksdale. Tarakta da zarton inji ba su bukatar amshi. Samarin da aka riƙa ɗaurewa a shekarun 1960, lokacin gwagwarmayar 'yanci, suna kallon waƙoƙin a matsayin kayan bauta, ba su son su a bakinsu, kuma wa zai ga laifinsu? Mawaƙi Pete Seeger da iyalinsa tare da Jackson sun ɗauki fim ɗin ragowar masu yi a sansanin Ellis na Teksas a 1966. A 1972 wani alƙalin tarayya, William Keady, ya yanke hukunci a shari'ar Gates da Collier cewa yadda ake tafiyar da Parchman ya saɓa wa tsarin mulki. Aka hana bulala, aka karɓe bindiga daga hannun fursunoni, aka daina raba sansani bisa launin fata. Ban san mai hankalin da zai so a mayar da wancan zamani don a sami waƙa ba.

Saura James Carter. Faifan fim ɗin, wanda T Bone Burnett ya haɗa, ya sayu miliyoyi, kuma akwai haƙƙin mai muryar farko a ciki. Amma ina yake, yana da rai ma? Sunan kamar a ce Musa Ibrahim ne a Kano. Ma'aikatan taskar Lomax da wani ɗan jarida suka shiga tonon takardun gidan yari da na hukuma, suna tace masu sunan ɗaya bayan ɗaya, har suka same shi a Shikago a farkon 2002, dattijo mai shekara 76, ya yi ritaya daga aikin akawun kaya. Ɗan manomin raba amfani ne, ya bar gida yana yaro, ya shiga Parchman har sau huɗu. 'Yar Alan Lomax ta kai masa cakin dala dubu ashirin a matsayin kason farko. Bai san da fim ɗin ba, ranar da aka naɗi waƙar ma ba ta tsaya masa a rai ba. Yini ɗaya ce cikin ɗaruruwan da ya yi da gatari a hannu. Aka sa shi a jirgin sama zuwa Los Anjeles, yana zaune a zauren bikin kyautar Grammy lokacin da aka ce faifan ne gwarzon shekara. Ya rasu a Nuwamba 2003.

Ranar da suka kai masa cakin, sun gaya masa faifan da muryarsa ke buɗewa ya fi sabon na Michael Jackson kasuwa. Tsohon mai ba da waƙa ya ce a gaya wa Michael zai rage tafiya don ya samu ya kamo shi.